Kwana Huɗu a Kalaba: Abin da Ruwan Sama Ya Tona, Wanda Waya Ta Ɓoye

A watan Yuli na 2023, 'yan makonni bayan Babbar Sallah, mu uku muka tashi daga Gombe a mota ɗaya za mu kai ɗan amininmu sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Obubra, a Jihar Kuros Riba. Uban yaron shi ne mai motar, kuma Hamma muke ce masa duka saboda ya girme mu. Na biyu makaniki ne, shi ya riƙe sitiyari kusan duk tafiyar. Ni malamin makaranta ne. Tun ranar da takardar yaron ta fito muka ga inda aka tura shi, magana ɗaya ce ta zo bakinmu: daga Obubra zuwa Kalaba, babban birnin jihar, tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma a Kalaba muna da mutum biyu da muka tashi tare a Jekadafari, muka yi makarantar allo a zaure ɗaya. Ɗaya tela ne a Bogobiri, unguwar Hausawan garin. Ɗayan yana sayar da wake da albasa, ya kusa shekara 20 a can. Shi ne mai masaukinmu, kuma a kansa wannan rubutu yake. Da izininsa nake ba da labarin, bisa sharaɗin ba zan kama sunansa ba.

Shirinmu gajere ne: mu kwana ɗaya a wurinsa, mu gaisa da iyali, mu ga bakin ruwa, mu juyo. Kwana biyu kafin tashi muka buga masa waya. Ya yi ta murna, ya ce gida gidanmu ne. Hamma ya tambaye shi kasuwa, ya ce: "Alhamdu lillahi, Hamma, sai godiya." Amsar da yake ba mu ke nan duk mako a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa ya auna ta.

Hanyar

Tsakanin Gombe da Kalaba akwai kusan kilomita 1000. Mun bi ta Kumo da Billiri da Kaltungo, muka haye Binuwai a Numan, inda Kogin Gongola yake zuba a cikinsa, muka kwana a Jalingo. Washegari da asuba muka kama hanyar Mutum Biyu da Wukari, muka ratsa Zaki Biam da tulin doyarta, muka haye gadar Katsina-Ala da rana tsaka, don wannan yanki ba a son dare ya riski matafiyi a cikinsa. Daga Ogoja ƙasa ta canza kama. Ciyawa ta koma daji, daji ya koma duhuwa, gonakin koko da ayaba suka fara bayyana wajen Ikom. A nan ruwa ya kama mu, kuma zan iya cewa bai sake mu ba sai da muka dawo wannan wuri bayan kwana biyar. Mun ajiye yaron a sansani, muka wuce ta Ugep da Akamkpa cikin gonakin roba da kwakwar manja, muka shiga Kalaba bayan Magariba, gilashin gaba yana ta yin gumi, makaniki yana goge shi da hularsa.

Mutumin Gombe yana da wani tunani game da ruwan sama wanda ba ya aiki a Kalaba. A wurinmu hadari yana haɗowa daga gabas, iska ta taso, a zuba na sa'a ɗaya ko biyu, gari ya washe, a shanya kaya. Damina daga Mayu ce zuwa Oktoba, abin da ake samu a shekara bai cika kai milimita 1000 ba. Kalaba kuwa tana samun kusan milimita 3000, ana farawa tun wajen Maris har zuwa Nuwamba. Garin yana kan tudu tsakanin Kogin Kalaba da Kogin Kwa, kusa da inda ruwan Kuros Riba yake buɗewa ya shiga teku, saboda haka ko ba a ruwa iskar kanta a jiƙe take. Mun kai masa tsarabar kilishi da kuka da daddawa da man shanu. Kilishin da ya bar Gombe yana ƙaras-ƙaras a haƙori, kwana biyu a ɗakin mai masaukinmu ya yi laushi kamar tsumma. Rigar da na wanke daren da muka isa, a jiƙe na naɗe ta ranar da za mu tafi. Na kawo waɗannan ƙananan abubuwa ne domin su ne ainihin lamarin: abin da iskar ta yi wa kilishi, shi take yi wa duk busasshen abin da aka kawo daga Arewa.

Tarba

An tarbe mu tarbar da ta fi ƙarfin kwana ɗaya. An yanka akuya. Uwargidansa ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta kuma yi miyar afang irin ta Efik, 'yan asalin garin, don mu ɗanɗana, ganye mai yawa da manja da busasshen kifi. Yara suka zo suka durƙusa: "Baffa, sannunku da zuwa." Ƙaramin cikinsu Hausarsa tana tuntuɓe, ya fi sakewa da Turancin kasuwa da Efik, har ya koya wa makaniki cewa "sosongo" shi ne na gode. Tela ya zo daga Bogobiri da tsire a takarda, muka zauna har ƙarfe ɗaya ana tuna wanda ya fi shan bulala a makarantar allo da wanda ya faɗa kwari ranar da muka je satar mangwaro.

Akwai abubuwan da na gani a daren amma ban haɗa su ba. Firjin gidan a kashe yake, an mayar da shi ma'ajiyar kwanuka. Babbar 'yarsa, wadda muka san tana aji biyar na sakandare, tana gida, aka ce hutu suke, alhali ni malami ne, na san zango na uku bai ƙare ba. Wayarsa ta yi ƙara sau uku da lambar da ya duba ya kife. Kuma duk lokacin da ruwa ya ƙara ƙarfi a kan kwano, sai hirarsa ta yanke, ya ɗaga kai yana saurare. Na ɗauka gajiya ce.

Da safe ba a ɗauke ba. Labari ya zo cewa wata babbar mota ta faɗi ta tare hanya wajen Odukpani, motoci sun yi layi. Makaniki ya ce ba zai sa mota a wannan hanya cikin wannan ruwa ba, Hamma ya yarda. Da rana aka ɗan sassauta, tela ya zaga da mu. Mun ga tsohon gidan gwamnan Turawa da ke kan tudu, wanda aka ƙera sassansa a Birtaniya aka kawo a jirgin ruwa a 1884, yanzu gidan tarihi ne. Kalaba ce hedikwatar mulkin Turawa a Kudancin Najeriya kafin a mayar da ita Legas a 1906. Mun wuce ta makarantar Hope Waddell da aka kafa a 1895, muka sauka bakin ruwa a Marina, muka yi La'asar a masallacin Bogobiri cikin masu canji da mahauta da 'yan tireda, Hausa ta ko'ina, ta Sakkwato da ta Kano da tamu. Mai masaukinmu bai bi mu ba. Ya ce akwai wanda zai gani a kasuwa.

Dare na biyu

Wajen ƙarfe biyu na dare ruwan ya dawo da ƙarfin da ban taɓa jin irinsa ba. Ina kwance a falo na ji an zare sakata a hankali. Na ga mai gidan da tocila a baki, bokiti biyu a hannu, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Na ce: "Mutumina, lafiya?" Ya ce in koma in kwanta, yanzu zai dawo. Na ɗauki lema na bi shi.

Tafiyar minti goma ce, gangara zalla, ruwa yana gudu a kan titi yana dukan idon sawu. Ya buɗe wani ɗaki a bayan layin shaguna. Kafin hasken tocila ya nuna mini komai, wari ya riga ya gaya mini: warin wake da ya sha ruwa ya fara tsami, haɗe da na ruɓaɓɓiyar albasa. Buhuna ne jere har kusa da rufi. Layin ƙasa a kan siminti yake kai tsaye, sai kwali da aka shimfiɗa wanda ya riga ya narke. Ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, yana kuma ɗiga ta wurare huɗu a kwano, kowane wuri da roba a ƙarƙashinsa ta cika tana zuba. Na sa hannu a jikin wani buhu na ƙasa, na ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Ya zura wuƙa ya ɓarke bakin ɗinki, waken ya zubo a dunƙule, fari-fari da funfuna, wani ya kumbura ya fara tsiro. Ya ɗebo daga buhun sama ya buɗe mini tafin hannunsa: wannan a bushe yake, amma kusan kowace ƙwaya da huda, ƙwari suna yawo a tsakanin yatsunsa.

Bai ce komai ba. Ya juye robobin a bokiti, ya fita ya zubar, ya dawo. Na karɓi bokiti ɗaya. Mun yi ta yi har aka kira assalatu. A kan hanyar komawa ne ya ce: "Malam, don Allah kada Hamma ya ji." Na ce masa duk abin da ya roƙe ni a duniya zan yi, ban da wannan.

Yadda aka kai ga haka

Da aka zauna bayan sallar Asuba, mu biyar har da tela, ya zayyana komai. Na ga ya dace a bi lissafinsa daki-daki, domin ba wauta ce ta kai shi ba, kuma wanda bai san kasuwar ba zai yi saurin yanke masa hukunci.

Shekara da shekaru tsarinsa ɗaya ne: duk wata ya sa a ɗoro masa buhu 20 zuwa 30 daga kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, ya sayar, ya biya, a sake ɗorowa. Kaya ba sa daɗewa a hannunsa balle iska ta taɓa su. A farkon 2023 ƙarancin takardun Naira ya tsayar da ciniki, masu sayen mudu-mudu ba su da kuɗi a hannu, jarinsa ya ɗan zaizaye. A lokaci guda kowa ya san kasafin kuɗin shekarar ya tanadi tallafin man fetur zuwa watan Yuni ne kawai. Sai ya yi lissafi: in tallafi ya tafi, komai zai tashi, kuɗin dako zai bi, kuma dama wake yakan yi tsada a tsakiyar damina kafin sabo ya shigo a kaka. Wanda ya tara kaya a Afrilu zai ci riba biyu a Yuli da Agusta. Ya nemi dillalin da suka daɗe suna hulɗa, aka ba shi buhu 120, kashi ɗaya cikin uku ya biya, saura bashi. Shagonsa ba zai ɗauka ba, ya kama wancan ɗaki saboda arha.

Ta fuskar farashi, lissafin ya fita daidai. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kayan abinci suka bi. Inda ya kuskure shi ne ajiya. Ya ɗauko dabarar da ke aiki a Gombe, inda ake jibge wake tun kaka iskar hunturu tana ƙara busar da shi, ya kawo ta garin da buhu yake shan laima ko ba a taɓa shi da ruwa ba. Busasshen wake yana jan danshi daga iska. In ya jiƙa, funfuna ta kama, buhu ya ɗau zafi daga ciki. Ƙwaron wake kuma da ƙwansa ake ɗauko shi tun daga gona. Cikin ɗumi, mako uku zuwa huɗu ya ishe shi ya ƙyanƙyashe ya girma ya sake yin ƙwai, saboda haka wata uku a buhun da iska ke shiga ya isa 'yan ƙwari kaɗan su zama runduna. Ɗakin ma arharsa tana da dalili: a gindin gangara yake, kuma a watan Afrilu da ya duba shi ruwa bai kai ƙarfin da zai nuna aibinsa ba.

Akwai abin da ya ƙi yi, wanda ya ƙara masa daraja a idona. Wasu sun ba shi shawarar ya yayyafa fiya-fiya a kan waken, ya shanya mai funfunar, ya cuɗa da mai kyau ya tura kasuwa. Ana yi, kowa ya sani. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ya ce matan da ke sayen wakensa ƙosai da alale suke yi wa 'yan makaranta, ba zai iya ba. Ya zaɓi ya kashe firji, ya bar kuɗin makarantar 'yarsa ya taru, ya riƙa kife waya in dillali ya kira.

Akuyar da muka ci kuwa, bashi ce. Tela ne ya ranta masa.

A nan nake ganin laifin ya rabu, kuma kason da ya fi nauyi ba nasa ba ne shi kaɗai. Shi alkunya ta riƙe shi. Mutum ya bar gida shekara 20, duk Sallah yana aiko da atamfa da buhun garin rogo, unguwa ta sa shi a sahun waɗanda suka samu; da wane baki zai ce ya karye? Tela ya san rabin labarin tun watan Yuni, amma an ba shi amana, ya riƙe. Na fahimce shi, sai dai ina ganin ya yi kuskure, kuma na gaya masa a gabansa. Rufin asiri ana yin sa ne don kada mutum ya tozarta a idon waɗanda ba ruwansu. In aka rufe har ga waɗanda za su iya tallafawa, an bar mutum ne shi kaɗai da bokiti cikin dare. A watan Yuni layin ƙasa ne kawai ya taɓu. Wata guda na shiru ya ci fiye da abin da ɗigar kwano ta ci.

Mu kuma baƙi, mun buga waya kwana biyu kafin tashi muka ce ga mu nan, ƙarti uku. Ba mu tambaya ko lokacin ya dace ba, don mun san Bahaushe ba zai ce wa baƙo a'a ba, kuma wannan sanin shi ne ya kamata ya sa mu yi hattara. Shekara da shekaru muna tambayarsa "ya kasuwa?", tambayar da amsarta ɗaya ce tak ko mutum yana cikin daula ko yana cikin rami. Muna ganin hotonsa a Facebook da farar shadda ranar Idi, mu danna alamar so, mu ɗauka mun sada zumunci. Ana cewa zumunci a ƙafa yake, amma ko ƙafar da muka kawo ta kwana ɗaya ce. Da hanyar Odukpani a buɗe take, da mun ci akuya, mun yi hoto a bakin ruwa, mun koma Gombe muna ba da labarin yadda Allah ya buɗa masa.

Abin da aka yi

Hamma bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce: "Kai ƙanena ne ko ba ƙanena ba ne?" Ya ce ƙaninka ne, Hamma. Ya ce: "To tashi mu je mu ƙirga."

Kwana biyu muka ƙara. Makaniki ya hau rufi da guduma da ƙusa da kwalta lokacin da ruwa ya tsagaita, ya kuma ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu. Aka sayo katako aka yi gadaje, buhu ya bar ƙasa ya kuma bar jikin bango. Tela ya kawo matasa huɗu daga Bogobiri, aka zazzage buhunan ɗaya bayan ɗaya aka kasa uku: wanda ya ruɓe, wanda ƙwari suka huda amma a bushe yake, da wanda ya tsira. Buhu 31 ba su da magani, aka fitar da su, kuma mai kayan da kansa ya tsaya ya ga ba su koma kasuwa ta bayan gida ba. Masu hudar aka tankaɗe aka sheƙe, aka sayar da su nan take a farashi mai rahusa, ana gaya wa mai saye abin da yake saye.

Waɗanda suka tsira su ne suka buƙaci dabara. Shanya ba ta yiwuwa a tsakar gida, sai a rumfar wani makwabci, a baza da safe a kwashe da yamma. Don a tabbatar sun bushe, na nuna musu gwajin da malaman gona suke koya wa manoma a wurinmu: a zuba busasshen gishiri da ɗan wake a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a jira kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. Wanda ya ci gwajin aka zuba shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro musamman don wake. Ana ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage su mutu, danshin waje kuma ba ya shiga, ba tare da ɗigon magani ba. Sharaɗinsa biyu ne: kada a rufe jiƙaƙƙen wake, kuma kada leda ta huje. A Gombe manoma da yawa sun san shi. Mai masaukinmu ya sha jin labarinsa, bai taɓa buƙatarsa ba, tunda kaya ba sa kwana a hannunsa.

Maganar bashi sai da muka dawo gida. Hamma ya je Tudun Hatsi da kansa, ya zauna da dillalin a gaban dattawan layinsu, ya nuna hotunan ɗakin. Dillalin ya ce ba asarar ce ta ɓata masa rai ba, kife wayar ce. Da an gaya masa tun farko, da ya karkatar da rabin kayan zuwa wani mai saye a Aba. Aka raba bashin zuwa bayan kaka, Hamma ya tsaya a matsayin mai lamuni, aka koma tsohon tsari na buhu 20 duk wata. Kuɗin makarantar yarinyar mu huɗu muka haɗa, ta koma aji a watan Satumba. Na akuya tela ya ce ya yafe, mai masaukinmu ya ƙi, ya biya shi a hankali.

Ba duka aka gyara ba. Jarinsa bai koma yadda yake ba, ya daina albasa gaba ɗaya, kuma Sallar da ta biyo bai aiko da atamfa ba, wasu a unguwa sun yi magana. Ya saki wancan ɗaki da wa'adin haya ya cika. Ɗan Hamma da ya fito daga sansani an tura shi wata makaranta a cikin Kalaba, ya zauna a gidan har ya gama hidimarsa, yana koya wa ƙaramin yaron karatun Hausa da daddare.

A watan Maris na 2024, ina shagon Hamma aka ce an yi ruwan farko mai ƙarfi a Kalaba, mu kuwa ana tsakiyar zafin bazara da azumi. Ya ɗauki waya ya kira shi. Bayan gaisuwa bai ce ya kasuwa ba. Ya ce: "Buhu nawa ne a shago yau, nawa ne a kan katako, kuma nawa ake bin ka?" Na ji muryarsa ta cikin wayar, ga ƙarar ruwa a kan kwano a bayansa, yana lissafowa ɗaya bayan ɗaya.